Yadda ake sa fedar birki ta yi tauri: abin da ake fara gyarawa da abin da ake saye daga baya

Yawancin motocin da ke aiki a Maradi, daga Corolla da Carina na taksi har zuwa Hiace da Hilux masu shiga ƙauyuka, sun yi shekaru a wata ƙasa kafin su sauka Kwatano ko Lome su kamo hanyar nan. Man inji ana canza shi a kai a kai, taya ma haka, amma man birki da tiyon birki galibi na asali ne, babu wanda ya taɓa su. Shi ya sa kake jin direba yana cewa "birkin nan ya yi nisa", ko "sai na buga sau biyu yake kamawa", ko "fedar kamar soso". Daga nan sai a ba shi shawarar ya sayi babbar masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika man birki zuwa tayoyi, ko manyan faifai, ƙarafan da ke juyawa tare da taya waɗanda birki ke damƙewa. Shawarar nan ta zo da wuri. Ana fara cire abin da ke cinye tafiyar feda tukuna, sannan a yi maganar ƙarin kaya.

Dalilin kuwa a fili yake. Man birki ba ya matsuwa: ƙarfin da ƙafarka ta sa a masta, shi ne yake isa taya nan take. Duk tafiyar da feda ta yi ba tare da plaket, wato takalman da ke matse faifai, sun ƙara damƙe shi ba, wani wuri ne ya shanye ta. Wuraren nan huɗu ne: iska ko tururi a cikin mai, rata tsakanin ƙarfe da ƙarfe, roba da ke kumbura idan an matsa mata, da masta mai yoyo ta ciki.

Gwaji kafin a kwance ko noti ɗaya

Ajiye motar a wuri madaidaici, inji a kashe. Taka feda sau 5 ko 6 har iskar da sarbo, wato gangar da ke bayan masta mai ƙara wa ƙafa ƙarfi, ya ajiye ta ƙare, za ka ji fedar ta taurare ta tsaya sama. Yanzu ka taka da matsakaicin ƙarfi ka riƙe kamar minti ɗaya.

Idan fedar tana nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafarka, mai yana tsere wa wani wuri. Duba tankin mai, duba bayan kowace taya, duba inda masta ta haɗu da sarbo. In ka ga danshi, ga yoyonka nan. In ko'ina a bushe yake kuma mai bai ragu ba, robobin cikin masta ne suka gaji, mai yana zagaya su yana komawa tanki. Wannan babu fitar da iskar da za ta gyara shi.

Idan taku na farko ya yi nisa amma na biyu da na uku suka hau sama, to ko iska ce, ko rata. Ga yadda ake raba su: ja birkin hannu sosai, ka sake takawa. In fedar ta taso tun taku na farko, ratar tambur na baya ce, wato kwanon ƙarfen da takalman birki ke gogawa ta cikinsa. In ta ci gaba da laushi tana lotsawa ko an ja birkin hannu, iska ce ko tiyo.

Na ƙarshe, ƙafarka tana kan feda ka tada inji. Ya kamata fedar ta ɗan sauka kaɗan, wannan alamar sarbo yana aiki. In ba ta motsa ba, kuma a kan hanya fedar tana da tauri amma motar ba ta tsayawa sai ka miƙe a kanta, sarbo ne ko tiyon da ke kai masa iska daga inji ya tsage. Irin wannan taurin cuta ne, ba shi ake nema ba.

Rata: gyaran da sau da yawa ba ya cin kuɗi

A motocin da ke da tambur a baya, nan ne aka fi samun matsalar, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Takalman birki suna cinyewa, ƴar ƙaramar dabarar da ya kamata ta riƙa matso da su da kanta tana cushewa da ƙura da tsatsa, sai ratar ta yi yawa. Kowane taku sai an fara cika wannan rata kafin birki ya kama.

Ɗaga motar da jak, ka dafa ta da ƙafafun ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan yashi. Cire tambur, ka wanke ƙurar da maganin wanke birki ko tsumma mai danshi. Kada a hura ta da iska, shaƙar ta tana cutar da huhu. Ɗaga robar da ke bakin ƙaramar silindar taya da ɗan yatsa: in mai ya fito, a canza silindar, kuma in man ya taɓa takalman su ma a canza, wanki ba ya cire shi. Sannan ka sassauta birkin hannu gaba ɗaya, ka juya ɗan haƙorin daidaitawa har tambur ya riƙa ɗan gogar takalma idan ka juya shi da hannu, sai ka mayar baya kaɗan har ya juya ba tare da riƙewa ba. Sai bayan haka ake daidaita wayar birkin hannu. Masu ja wayar don su ɓoye ratar tambur suna ƙona takalma ne kawai.

A gaba, cire etiriye, wato ƙarfen da ke riƙe plaket yana matse su a kan faifai, ka gwada sandunan biyu da yake zamewa a kansu. Ya kamata su shiga su fita da yatsu biyu. Ƙurar hunturu da ruwan damina, musamman ga motocin da ke ratsa gulbi da kwazazzabai ta wajen Madarunfa, suna shiga ta robar da ta tsage su kafe sandar. Idan ɗaya ta kafe, etiriye yana karkacewa, plaket ɗaya tana cinyewa a gicciye, fedar kuma tana lotsawa domin ƙarfen lanƙwashewa yake yi maimakon ya zame. Goge sandunan, ka shafa musu giris na silikon wanda aka yi don birki. Giris na boris ko man inji yana kumbura robar, cikin ƴan watanni sandar ta sake kafewa.

Kafin ka sauke motar, kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In tana wasa, boris ne, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu. Faifai mai lilo yana tura fistan ɗin etiriye, mai danna plaket, baya a duk juyi, shi ya sa bayan doguwar tafiya ko bayan ka sha kwana taku na farko yake yin nisa, na biyu ya dawo daidai. Faifan da ya karkace ma haka yake yi. A ƙananan motoci da yawa iyakar karkacewar da kamfani ya yarda da ita wajen milimita 0.05 ce, ido ba ya ganinta, sai da agogon awo. Ka kuma duba kaurin faifan: an buga mafi ƙarancin kaurinsa a gefensa ko a tsakiyarsa. Wanda ya kai wannan lamba ba a kai shi wajen mai sassaƙa ƙarfe, canza shi ake yi, kuma biyu tare.

Wani kuskure da ke wahalar da garaji kwana da kwanaki: a sayo etiriyen da aka ciro daga wata mota a ɗaura na dama a hagu. Yana shiga daidai, amma bakin fitar da iska ya koma ƙasa. Iska sama take taruwa, don haka ko lita nawa aka zuba ba za ta fita ba. Bakin iska kullum a sama yake.

Man birki

Man birki na yau da kullum yana shan danshi daga iska, ta murfin tanki da ta jikin tiyo. Ruwan da ya shiga yana rage zafin da man zai iya ɗauka kafin ya tafasa, kuma da ya tafasa ya zama tururi, fedar ta tafi ƙasa. Ƙa'idar da ake bugawa a jikin gwangwani ta raba man birki aji-aji da sunan DOT, ta ce DOT 3 sabo ba zai tafasa ba ƙasa da digiri 205, amma in ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari sai ya sauko 140. DOT 4 yana da 230 da 155. DOT 5.1 yana da 260 da 180. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 a inuwa, da Hiace cike da mutane da buhuna a sama, da direban da ke riƙe birki a kowane tudun rage gudu daga nan har Tasawa. Tsohon mai ba ya da sauran rara.

DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1 danginsu ɗaya, ana iya sa DOT 4 a motar da aka rubuta mata DOT 3, kuma shi muke ba da shawara a nan. Ba a komawa ƙasa: motar da aka rubuta mata DOT 4 ba a sa mata DOT 3. DOT 5, wanda babu .1 a bayansa, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran kuma bai dace da motar da ke da ABS ba, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi.

Ka sayi gwangwani a rufe da hatiminsa. Man da ake aunawa daga buɗaɗɗiyar jarka a bakin hanya ya riga ya sha danshi da ƙura. Lita ɗaya ta isa wanke ƙaramar mota gaba ɗaya, babbar mota ka tanadi lita ɗaya da rabi. A canza duk bayan shekara 2, motar haya duk shekara.

Abin da ya fi komai haɗari shi ne zuba wani abu daban. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa idan mai ya ƙare a daji yana tafasa a digiri 100, yana kuma sa tsatsa a masta da fistan. Man inji ko man giya kuwa, ko cokali ɗaya ne, yana kumbura duk robar da ke cikin birki. Alamarsa ita ce robar murfin tanki ta yi girma ta ƙi komawa wurinta. In haka ta faru, masta, tiyo, robobin etiriye da silindar taya duk sai an canza, a wanke bututun ƙarfe.

Fitar da iska, taku bayan taku

Mutum biyu ake buƙata, da siririn tiyo mai ganin ciki, da kwalba mai ɗan mai a ƙasanta, da sifana mai zobe lamba 8 ko 10 gwargwadon motar. Buɗaɗɗiyar sifana tana cinye kan bakin iska.

Da farko ka tsotse tsohon man tanki da sirinji, ka cika da sabo. Sa guntun katako a ƙarƙashin feda yadda ba za ta kai ƙasa ba. Wannan katakon yana ceton masta: a tsohuwar mota can cikin silinda, inda fistan bai saba kaiwa ba, akwai tsatsa da datti, kuma in aka tura robar ta bi ta kansu sai ta yage. Motoci da yawa sun shiga fitar da iska da lafiyayyar masta sun fito da matacciya ta wannan hanyar.

A yawancin motocinmu masu sitiyari a hagu ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Wasu motoci, kamar Honda da yawa, tsarinsu daban ne, don haka in littafin motar ya faɗi wani jeri, shi za ka bi.

Sa tiyon a bakin iska, ɗaya bakin ya nutse cikin man kwalba. Na cikin mota ya taka a hankali sau 3, ya riƙe. Ka ce masa "Riƙe!", ya amsa "Na riƙe." Buɗe bakin kwatan juyi, mai ya fita, fedar ta sauka. Rufe kafin ka ce "Saki!" In ya saki bakin yana buɗe, iska ta koma ciki, aiki ya dawo sabo. Ku jira kamar daƙiƙa 5 kafin taku na gaba. Yaran garaji suna son buga feda da sauri kamar suna gasa, wannan yana farfasa iskar ta zama kumfa ƙanana da ba sa fita da wuri. A hankali ya fi.

Maimaita har man da ke fita ya zama fari tas kamar wanda ka zuba, babu ko ƙwayar kumfa. Ɗan bubbuga etiriye da ƙotar guduma yana sakin kumfar da ta manne a lungu. Bayan kowane buɗewa 5 ko 6 ka leƙa tanki. In ya ƙafe iska ta shiga masta, sai an faro daga farko. Kada ka ɗaure bakin iska da ƙarfin tsiya, wajen Nm 8 zuwa 10 a sifana mai auna ƙarfin ɗauri ya isa, ya fi haka karyewa yake yi a ciki. Man da ya ɗiga a fenti a wanke shi da ruwa nan take, yana cin fenti.

Hilux, Hiace da Land Cruiser da yawa suna da bawul a baya kusa da gatari, mai rage ko ƙara ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyin kaya. Shi ma yana da nasa bakin iska, kuma ana yi masa bayan an gama tayoyi huɗu. Mantawa da shi yana barin feda da laushi duk da an yi komai daidai.

In iska ta shiga akwatin ABS, misali tanki ya ƙafe ko an canza masta, wasu motocin sai an haɗa musu na'urar kwamfuta ta buɗe bawulolin ciki yayin fitar da iska. Inda babu na'urar, a nemi fili mai tsakuwa ko jan ƙasa da babu mutane ko dabbobi, a taka birki da ƙarfi a gudun kilomita 30 har ABS ya yi karkarwa sau uku ko huɗu, a dawo a sake zagaye tayoyi huɗu. Yana taimakawa a motoci da yawa, ko da yake bai kai na'urar ba.

Tiyo mai saƙar ƙarfe

In an gama duk wannan fedar tana da sauran lotsawa, yanzu ne ake fara kashe kuɗi, kuma tiyo ne na farko. Sa wani ya taka da ƙarfi kai kuma ka riƙe kowane tiyon roba a hannu. In ka ji yana kumbura, ko ka ga tsaga idan ka lanƙwasa shi, ya gama aiki. Tiyon da ya haura shekara 10 a zafin nan a canza shi ko bai nuna komai ba, domin yana iya ruɓewa ta ciki ya riƙe mai, taya ɗaya ta riƙa zafi.

Sabon tiyon roba mai kyau ya ishi yawancin direbobi. Mai son fiye da haka sai ya nemi mai saƙar ƙarfe: cikinsa bututun teflon ne, an lulluɓe shi da saƙar ƙarfe marar tsatsa, kumburinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma bambancin ya fi fitowa idan an taka da ƙarfi. Kamfanoni irin su Goodridge da HEL suna yin saiti na motoci da yawa. A ƙasarmu ka zaɓi wanda aka rufe saƙarsa da leda ta waje. Yashi yana shiga tsakanin zaren ƙarfe ya riƙa cin teflon ɗin a ɓoye, kuma irin wannan tiyo ba ya gargaɗi da tsaga kamar roba. Kada a karɓi wanda aka yanka aka matse kansa a kasuwa da kayan tiyon tarakta, tsawo da kusurwar kai sai sun zama na motar.

Wajen ɗaurawa, jiƙa mahaɗin da maganin tsatsa tun da wuri, ka yi amfani da sifanar bututu mai ɗan tsaga, yawanci lamba 10, don kada ka murɗe bututun ƙarfe. Kowane noti mai rami yana son sabuwar washa ta jan ƙarfe sama da ƙasa, tsohuwa ta riga ta taurare, yoyo za ta yi. Tiyon kada ya murɗe. Juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu, motar a sama da kuma a ƙasa, ka tabbata bai taɓa taya ko sifirin ba, bai kuma miƙe tsam ba. Tiyo mai saƙar ƙarfe ba a taɓa matse shi da filaya. Bayan haka a sake fitar da iska gaba ɗaya.

Plaket

Plaket masu arha suna da laushi, suna matsuwa kafin su kama, kuma in sun yi zafi kamunsu yana raguwa, sai direba ya ƙara takawa ya ɗauka feda ce ta yi nisa. A gefen plaket da yawa akwai haruffa biyu, kamar EE, FF ko GG. Na farko kamu ne a sanyi, na biyu a zafi. E yana nufin 0.25 zuwa 0.35, F 0.35 zuwa 0.45, G 0.45 zuwa 0.55. FF ya dace da motar gari, GG ya fi cizo. Ka guji wanda harafinsa na biyu ya fi na farko ƙasa, kamar FE, musamman a motar kaya. Kayan da aka yi don kasuwar Turai suna ɗauke da alamar ECE R90. Plaket ɗin tseren mota ba su da amfani a cikin gari, sai sun yi zafi suke kamawa, kuma ɗan kabu-kabu da ya yanko gabanka a bakin kasuwa ba zai jira su yi zafi ba. A canza idan naman ya sauko milimita 3, tayoyi biyu tare.

Masta da sandar turawa

In gwajin farko ya nuna masta, a canza ta da mai faɗin da kamfani ya sa. Kafin a ɗaura a cika ta a fitar mata da iska a kan tebur, ana tura fistan a hankali har kumfa ta daina fitowa daga ramukanta. Iskar da ta maƙale a masta bayan an ɗaura ta tana da wuyar fita.

Babbar masta tana rage tafiyar feda da gaske, amma da farashi. In ka tashi daga milimita 22.2 zuwa 23.8, faɗin fuskar fistan ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin ɗari. Feda za ta gajarta da kusan haka, amma ƙafarka sai ta ƙara ƙarfi da kusan haka kafin taya ta sami matsin da take samu a da. Fedar ta yi tauri, birkin bai ƙaru ba. Wannan canjin yana da ma'ana ne kawai idan an sa manyan etiriye masu shan mai da yawa, domin su kansu suna tsawaita feda. Kuma manyan etiriye a gaba kaɗai suna ɓata rabon birki tsakanin gaba da baya. A motar da take ɗaukar iyali ko fasinja, ba mu ba da shawarar haɗa kayan wata mota da wata.

Akwai kuma masu tsawaita sandar da ke tsakanin feda da sarbo don fedar ta kama tun daga sama. Feda tana buƙatar ɗan wasa na ƴan milimita kafin ta fara tura komai, a Toyota da yawa tsakanin 1 da 6. In aka cinye wannan wasan, fistan ya toshe ɗan ramin da mai ke komawa tanki, mai ya yi zafi ya faɗaɗa, birki ya riƙa kama kansa har motar ta tsaya cik a tsakiyar hanya da tayoyi suna hayaƙi.

Gwajin hanya

Ɗaure notin taya a gicciye, Corolla tana son Nm 103. Kafin motar ta motsa ka taka feda har ta taurare, domin bayan canza plaket taku na farko fanko ne. Cika tanki zuwa layin sama, kada ya wuce. Riƙe feda da ƙarfi rabin minti, wani ya zagaya da tocila ya duba kowane mahaɗi.

Sababbin plaket sai an zaunar da su. A miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ka sauko daga gudun kilomita 60 zuwa 10 da matsakaicin taku, sau 8 zuwa 10, ba tare da ka tsaya cik ba, sannan ka yi tafiyar minti 5 ba birki don su huce. Tsayawa da ƙafa a kan feda alhali faifai yana da zafi yana barin tabon plaket a jikinsa, daga nan karkarwa take farawa. Kilomita 200 na farko a bi su a hankali. Washegari ka sake duba tanki da mahaɗan tiyo, ka kuma duba shekarar da aka buga a jikin tayoyinka da zurfin zanensu, domin nisan da mota take ci kafin ta tsaya a hannun taya yake, duk taurin feda.